Ƙarshen da Goggo Kulu ta ɗinka

Goggo Kulu yayar babanmu ce. Shekara biyu ke nan da ta baro Gwandu ta dawo gidanmu a Kalgo, tun da yanar ido ta fara rufe mata gani. Kayan da ta zo da su ba yawa: katifa, buta, ƙunshin tufafi, sai wani shuɗin akwatin ƙarfe da sai da mutum biyu suka kama kafin ya sauka daga mota. Littattafai ne a ciki. Sana'arta ke nan fiye da shekara ashirin, ba da hayar littattafan Hausa daga cikin ɗakinta.

Yanzu ni nake yi mata karatu. In na dawo daga makaranta na ci abinci, sai in ari wayar Innarmu in zauna a bakin tabarmarta, in karanta mata sababbin labaran da ake turowa a waya har a kira la'asar. Wani lokaci ƙawayena biyu, Maryama da Zainabu, sukan zo su zauna da mu. Goggo tana sauraro ne da ido a rufe, hannunta ɗaya a kan gwiwa. In labari ya yi mata daɗi, babban yatsanta yakan riƙa shafa gefen zanenta kamar mai neman buɗe shafi. In bai yi mata ba, sai ta fara neman goronta.

Mun fara da wani na yaƙi da aljanu, mai birni a ƙarƙashin kogi. Birnin ya burge ta ƙwarai. Sau biyu ta sa na maimaita mata wurin da aka ce kasuwarsu da fitilun kifi ake haskaka ta. Amma da jarumin ya kwana arba'in yana sara ba hutawa, sai ta ɗaga hannu.

"Dakata, Balki. Wanga yaro ba ya cin tuwo? Ko sau ɗaya ban ji an ce ya zauna ya kwance takalmi ba. Wanda ba ya gajiya, mi zai sa in ji tsoro a kansa?"

Na soyayya ma haka. Ta ce 'yan matan ciki sun fi na da baki, kuma hakan ya yi mata, don na da kuka kawai suka iya. Abin da ya gundure ta shi ne kowane saurayi da jirgin sama yake zuwa zance. "Duk garin babu mai keke?" in ji ta. Amma akwai wani da muka karanta, inda miji ya tashi da asuba ya gyara wa matarsa murhun da ruwa ya cinye, bai gaya mata ba. A nan ta ce in tsaya. Ta juya fuskarta wajen katanga, sai can ta ce in ci gaba.

Na bincike ne kawai ba ta so. Da zarar an tsinci gawa, ɗan sanda ya fara tambayoyi, sai ta ce kanta na ciwo, ko ta aike ni ɗebo ruwa. Na ɗauka tsoro ne.

Ranar wata Laraba Maryama ta zo da wani na bincike da ake ta magana a kansa a ajinmu. Saura babi ɗaya ya ƙare, marubuciyar kuma ta yi mako biyu ba ta turo ba. Ana cikin gardamar wanda ya yi kisan, Zainabu ta zauna a kan akwatin Goggo ta ce, "Ni da a zamaninku aka haife ni, Goggo, da wannan sana'ar zan yi. Kina zaune a ɗaki, a kawo miki kuɗi ki miƙa littafi. Ai wannan hutu ne."

"Sauka daga kan hutun," in ji Goggo. "Balki, buɗe shi."

Ban taɓa ganin cikinsa da kyau ba sai ran nan. Warin tsohuwar takarda da busasshen ganyen darbejiya ya taso. A sama akwai gwangwanin madara, a cikinsa basilla biyu, reza a naɗe cikin takarda, guntun kakin zuma da ƙullin zare kala uku. Goggo ta lalubo littafi ɗaya ta miƙa wa Zainabu.

"Ja bangon. Ja da ƙarfi, ba ki ci abinci ba?"

Zainabu ta ja, bai motsa ba.

"Sabon littafi in ya zo daga Kano, ƙusa biyu ce ta waya ke riƙe da shi. Hannu uku zai shiga ya watse. Don haka ranar da ya iso, ba ya fita. Sai in cire wayar, in huda shi wuri biyar da basilla, in ja zaren cikin kaki don kada ya ci takarda, in ɗinke. Sannan in yanko takardar buhun siminti, ta ciki mai tsabta, in dama garin rogo ya yi kauri in manne masa riga. In ɗora turmi a kai ya kwana. Ga mahaifinmu na koya. Shi littattafan malamai yake gyara a zaure, ni ina riƙe masa zare tun ban kai ku ba. Sau nawa ya sa na kwance ɗinki don huda ɗaya ta karkace. Da ya ga abin da nake ɗinkawa da hannun da ya koya mini, cewa ya yi, to, aƙalla dai ba za su yage ba."

Maryama ta tambayi dalilin zare kala uku.

"Matan aure ba su fitowa, aike suke yi. Wadda anka aiko kuma sau da yawa ba ta iya karatu ba. To ja na soyayya ne, kore na yaƙi da aljanu, baƙi na bincike. A ce mata, je ki gidan Kulu ki karɓo mai jan zare. Amma wanne daga cikin masu jan zaren? Nan aikin yake. Wadda mijinta ya tafi Ikko neman kuɗi wata takwas, ba ki ba ta labarin da miji ya tafi bai dawo ba. Wadda ta yi ɓari, ba ki ba ta mai suna da ragon suna a ƙarshe. Amarya ki ba ta mai ban dariya. Dole ki san littafin, ki san gidan da za shi. Shi ya sa kowa a Gwandu ya san maganata guda: Kulu ba ta ba da littafin da ba ta karanta ba."

Ta ce ranar da kaya suka iso daga Jega, wurin wata Hajiya da ke saro mata, ba ta iya cin abinci da kyau. Takan jera su a kan gado ta yi ta kallo. Kafin azahar yara sun cika ƙofar ɗaki, kowace da saƙon uwar ɗakinta. Littafi yakan dawo da ɗigon manja, ko da warin turaren wuta, ko an naɗe kusurwar shafin da aka yi kuka a kai. Daga nan take gane wurin da ya taɓa mutum. "Wayarku tana dawowa da warin gidan wani?" ta tambaye mu. Muka yi dariya. Ita ba ta yi ba.

Sai Maryama ta koma kan labarinta. "Wallahi in matar nan ba ta turo ƙarshen ba zuwa Juma'a, ni zan rubuta abina in tura wa 'yan aji. Wa zai gane?"

"Kul," in ji Goggo.

Ta sa hannu cikin akwatin har ƙasa, tana shafa gindin littattafan ɗaya bayan ɗaya, ta zaro wani mai baƙin zare. Gefensa ya kumbura, ya yi tabon ruwa. Shafukan ƙarshe ba irin na sauran ba ne, takardar littafin makaranta ce mai layi, da rubutun biro.

"Shekarar da katangar ɗakina ta faɗi," ta ce. "Ruwa anka kwana uku ana yi. Lokacin ba akwati, a kwali suke a ƙasan gado. Da munka janye ƙasar, rabinsu sun zama fura. Waɗanda sunka tsira na shanya su a tabarma, ina buɗe shafi ɗaya ɗaya da bakin reza, ina barbaɗa toka. Wata guda ina wanga aiki. To littafi in ya jiƙe, baya yake fara ci. Sai ga ni da littafi wajen talatin, labari lafiya lau, ƙarshe babu. Na aika Jega, anka ce an daina buga su. Sai na sayo littafin rubutu na zauna. Na soyayya duk suna kaina, har maganar da sunka yi a ƙarshe. Na yaƙi ma haka. In rubuta, in ɗinke a baya, in gaya wa mai karɓa: ƙarshen da hannuna ne, amma yadda yake haka na mayar. Ba wadda ta taɓa kama ni da kuskure."

Ta ɗaga mai baƙin zaren.

"Sai wanga. Labarin wani mai sayar da hatsi ne da anka tarar ya mutu cikin sitonsa. Ni ban son irin su. Tambaya, tambaya, wa ya ga wane, ƙarfe nawa. Ranar da ya zo na karanta shafi talatin, barci ya ɗauke ni, na ɗinke shi na sa cikin kaya. Ban taɓa gama shi ba. Da ƙarshensa ya tafi, da sai in jefar, ko in ce ban sani ba. Amma ni ce Kulu da ba ta ba da abin da ba ta karanta ba. Sai na duba cikin mutanen labarin, na ga direban mamacin ba ya da kunya, yana amsa wa manya magana a tsaye. Na ce kai ne. Na rubuta shafi shida, na sa ya yi kuka ya amsa laifi, anka tafi da shi gidan yari."

Zainabu ta rufe baki tana dariya. Goggo ta bar ta ta gama.

Ta ce a lokacin akwai wata malamar firamare, Malama Saratu, mutuniyar Zuru, da aka turo Gwandu aiki. Ita ba aike take yi ba, da ƙafarta take zuwa duk ranar Asabar, ta zauna a bakin gado su yi ta hira. Baƙin zare kawai take karɓa. Tana karatu da fensir a hannu, tana rubuta sunayen waɗanda take zargi a wata 'yar takarda, kuma kafin ƙarshe ta riga ta kama mai laifi. In ta dawo da littafi takan tsaya a ƙofa ta ce, "Kulu, na riga ɗan sandan!"

"Ta karɓi wanga. Asabar ta dawo, ba ta yi kiran da ta saba ba. Ta zauna ta ce, Kulu, anya direban nan ne? Ta ce ga abin da ta gani, ga abin da ta gani. Ni ban ma san wuraren da take faɗi ba. Na ce, Malama, haka mai littafin ya rubuta. Ta ce, kin tabbata? Na ce, ni da na karanta shi sau biyu? Sai ta ninke 'yar takardarta ta sa a jaka. Ta ce, to, ni ce kaina ya fara tsufa ke nan."

Malama Saratu ta ci gaba da zuwa gaisuwa, amma ba ta sake karɓar littafi ba. Takan ce aiki ya yi yawa. Bayan shekara aka yi mata canjin wurin aiki. Goggo ta cire littafin daga cikin na haya, ta sa shi a ƙasa.

"Waya ta kashe sana'ar, wannan kowa ya sani, ban kuma yi fushi ba. Mutane sunka daina aikowa ɗaya ɗaya har ƙofa ta yi shiru. Amma mai karatu irin Malama, ba waya ta raba ni da ita ba."

A nan na tuna wani abu. Watanni kaɗan kafin ran nan na raka Goggo asibiti a duba idonta. Muna kan benci, wata dattijuwa mai tabarau da ɗaurin ɗankwali irin na mutanen Zuru ta wuce tana yi wa ma'aikaciyar jinya tsiya da babbar murya. Goggo ta matse hannuna har ya yi zafi, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Da ƙawayena suka tafi na tambaye ta a hankali ko Malama Saratu ce.

"Ita ce. Muryarta ba ta canza ba. An ce ta yi ritaya, tana wurin ɗanta da ke aiki a jami'a." Ta shafa idonta. "Idona na tafiya, Balki. Ina son in faɗa mata tun ina iya ganin ko inuwar fuskarta ce."

Ba wuya aka sha ba wajen gano gidan, Innarmu ta san matar ɗan. Ranar Asabar da hantsi muka tafi, don an ce Lahadi tana coci. Goggo ta sa zanenta na zuwa biki. Littafin da rezar suna cikin jakata. A kan hanya sau biyu tana cewa mu koma, rana ta yi zafi.

Mun tarar da Malama Saratu a baranda tana gyaran wake a faranti. Ta dube mu ta saman tabarau, sai farantin ya kusa kifewa.

"Kulu mai littafi! Ke ce ko fatalwarki? Wa ya tsofar min da ke haka?"

"Wanda ya tsofar da ke, Malama."

Suka rungume juna. Aka kawo ruwa, aka yi gaisuwa mai tsawo, aka tambayi mutanen Gwandu, waɗanda suka rasu aka yi musu addu'a kowa da irin tasa. Ina lura da hannun Goggo, yana ta murza bakin mayafi. Can ta ce in miƙo littafin.

Malama ta karɓa, ta juya shi, ta buɗe baya kai tsaye. "Mai sito," ta ce. "Direba."

"Malama, ƙarya na yi miki. Ban taɓa karanta shi ba. Shafi talatin na yi. Ƙarshen nan daga kaina na ƙago shi, kuma da kinka tambaye ni na ce haka yake. Ki yafe mini."

Malama Saratu ta cire tabarau ta ajiye a kan wake. Na ɗauka faɗa za ta yi. Sai ta fashe da dariya har tana buga cinya, tana kiran matar ɗanta ta zo ta ji. Amma dariyar ba ta daɗe ba. Ta goge ido da bakin zane.

"Kin san abin da kika yi min kuwa? Sau uku na karanta littafin nan a mako guda ina neman inda na ɓata. Na ce Kulu ba ta ƙarya a kan littafi, to ni ce. Tun daga ran nan ban sake riƙe fensir a kan labari ba. Jikokina suna kawo min a waya, in ce su kai can."

"Na sani. Shi ya kawo ni."

"Kuma wa ya yi kisan?"

"Wallahi ban sani ba."

"Ke dai an yi muguwar mata," in ji Malama, amma ta kama hannun Goggo ta riƙe.

Goggo ta ce in ba ta reza. Ba ta bar ni na taimaka ba. Ta lalubi zaren da yatsa, ta yanke ƙulli biyar ɗin ɗaya bayan ɗaya, ta zare shafuka shidan nan ba tare da ta taɓa sauran ba, ta ninke su ta cusa a ƙugu. Littafin ya koma ba shi da ƙarshe.

Malama ta ɗaga murya ta ce a kawo mata fensir da takarda. Ta mayar da tabarau, ta dube ni. "Ke 'yata, an ce ke ce mai karatu. Fara daga farko. Kada ki yi gudu. Ke kuma Kulu, in kika yi barci zan watsa miki ruwan nan."

Na fara. Takardar ta yi laushi, wasu kalmomin ruwa ya cinye sai na yi ta hasashe. Malama tana rubutu, tana cewa "uhm" can ƙasan maƙogwaro. Muka wuce shafi na talatin. Goggo ta gyara zama, ta tambayi wane ne ke riƙe da makulli na biyu, aka ce mata ƙanen mamacin, ta ce a maimaita mata wurin. Ba ta nemi goro ba.

A shafi na arba'in da ɗaya, wani makanike ya gaya wa ɗan sanda cewa ranar da abin ya faru motar hatsin ta lalace a hanya, shi da direban suka kwana biyu a ƙarƙashinta, a wani gari mai nisa. Malama ta ajiye fensir ta harɗe hannu.

Goggo ta kama baki.

"Allah sarki, bawan Allah," ta ce. "Yana can yana gyaran mota, ni kuwa na ɗaure shi shekara goma sha huɗu." Ta juyo wajena. "To mi kike jira? Ci gaba, mu ji inda ƙanen nan ya ce ya kwana."